Sokawenku, Ƙoramarmu da Mutuncin Goggo Talatu

Zuwa ga Mai Girma Alhaji, mai makarantar kwana ta kuɗi da ke kan tudun da ya kalli ƙoramarmu, a ƙasar Kibiya.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali da malamai da ɗalibai. Ina tambayar lafiyarku da gaske, domin a 'yan watannin nan na gane cewa tambaya ce mai nauyi, kuma amsarta ta danganta da ko mutum a saman ruwa yake zaune ko a ƙasansa.

Sunana Bilkisu. Ina koyarwa a wata makarantar 'yan mata a Rano, amma an haife ni a wani ƙauye na mazaɓar Unguwar Gai, inda iyayena da dangina suke har yau. Sau uku na zo ofishinka. Zuwan farko aka ce kana taro. Na biyu aka ce ka shiga Kano. Na uku aka haɗa ni da mataimakinka, wanda ya ba ni kujera da ruwan gora mai sanyi, ya saurare ni yana latsa wayarsa, sannan ya ce, "Ai Malama, mun sanar." Na lura ruwan da ya ba ni na kamfani ne, murfinsa a liƙe. Na yaba da hankalinsa.

Tun da ganinka ya gagara, na zaɓi in rubuto maka a bainar jama'a. Ban ambaci sunan makarantar ba saboda ɗaliban da ke cikinta ba su yi mini komai ba. Kai ka san da kai nake, mutanen da ke ƙasan tudu ma sun sani.

Na farko: abin da kuka yi.

A tsakiyar ranin da ya wuce, sokawen ɗakunan kwanan ɗalibanku, wato ramin da ƙazantar bayan gida ke taruwa, ya cika. Wannan ba abin kunya ba ne, duk inda mutane suke haka take faruwa. Maimakon ku kira motar da ke zuƙe masai, sai kuka samo injin ban ruwa, irin wanda manomanmu ke amfani da shi a lambu, kuka zura tiyo a ramin, kuka ɗaga ɗaya bakin kuka sauke shi bayan katanga. Kwana biyu injin yana aiki, Laraba da Alhamis. Bayan katangarku akwai kwari. Kwarin nan, kamar sauran kwaruruka da Allah Ya halitta, gangarowa yake yi, kuma ƙarshensa ƙoramarmu.

Na bi sawun da ƙafata, tare da yayana Isiyaku. Ba sai an yi wa mutum jagora ba. A lokacin da ko'ina ya bushe ƙayau, akwai wani layi na ciyawa kore shar da ya taso daga gindin katangarku ya sauka har bakin ruwa. Maigadinku, mutumin kirki da ba a koya masa ɓoye-ɓoye ba, ya ce da mu, "To ai ba yau aka fara ba. Da damina dai ruwa ke tafiya da shi."

Da damina ruwa ke tafiya da shi. Da rani kuwa, ranka ya daɗe, ƙoramar ba ta zuwa ko'ina. Guraba ne a jere, ruwa kwance, kuma kowane gurbi da masu shi: nan makiyaya ke shayar da shanu, nan mata ke wanki, nan masu lambu ke jefa tiyo.

Na biyu: abin da ya same mu.

Yaya Isiyaku manomin lambu ne. Yana noma salak da albasa da tumatir, yana kai wa kasuwar Kibiya. Masu salak suna da wata al'ada da ƙila ba a koyar da ita a ajin noma na makarantarku. Idan sun yanke ganyen da sassafe, sai su zuba shi a kwando su tsoma kwandon a gurbi, ganyen ya sha ruwa ya miƙe, don kada ya yi yaushi kafin a isa da shi. Haka mahaifinmu ya yi, haka Isiyaku ke yi.

Ranar Alhamis ɗin ya ga ruwan ya ɗan sauya launi, ya kuma ji wani ɗan wari. Ya ɗauka shanu ne suka dama gurbin sama, har ya je ya yi wa wani Bafulatani faɗa a kan laifin da bai yi ba. Bai kawo makarantarku a ransa ba. Me zai sa ya kawo? Wuri ne mai fenti da tuta da ƙofar ƙarfe, inda ake koya wa yara tsabta.

Ranar Asabar aka yi sunan ɗan ƙanwata Rabi. Haihuwar fari ce, ta zo wanka gida, don haka a gidanmu aka yi taron. Dangin mijinta suka cika mota daga Rurum Tsohon Gari suka zo. Isiyaku ya kawo kwando biyu na salak gudummawa, ya tsomo shi a gurbi da asuba kamar kullum. Muka ɗauraye shi sau ɗaya a gida, muka yanka, muka haɗa da ƙuli-ƙuli da mai da tumatir, aka ɗora a gefen kowane faranti na mata.

Washegari kafin azahar gudawa da amai suka fara. Ni ce ta biyu da ta kwanta. Rabi, mai jego mai kwana takwas, sai da aka ɗauke ta a kwance zuwa asibiti a Rano aka yi mata ƙarin ruwa, jaririnta yana kuka a hannun mahaifiyarmu don nonon ya ɗauke. Surukar Rabi ta yi kwana uku a gado. Yara ƙanana da suka ci a farantin iyayensu mata suka yi laushi kamar tsumma. Ba wanda ya rasu. Wannan ikon Allah ne, kuma ina roƙon kada makarantarku ta lissafa shi cikin nasarorinta.

Ni ba likita ba ce, ban kuma kai ruwan an auna ba. Likitan da ya duba Rabi cewa ya yi gurɓataccen ruwa ne ko abinci, bai ƙara komai ba. Abin da nake da shi kwanaki ne a jere, da layin ciyawa, da abin da zan faɗa yanzu.

Na uku: wadda aka ɗora wa laifin.

Goggo Talatu ƙanwar mahaifinmu ce. Mijinta ya rasu tun ina firamare, ba ta da ɗa a raye, kuma sana'arta girkin taro. Tun kafin a haife ni, ba a suna ko biki ko sadakar bakwai a ƙauyenmu da maƙwabtansa sai an aika mata. Da abin da ake ba ta a gidan taro take ci take sutura. Amma ba abincin bakinta kaɗai ke cikin wannan sana'a ba. Mace ce da idan ta shiga gida da muciyarta, har matar gidan sai ta nemi izini kafin ta leƙa tukunya.

Tana da doka ɗaya: abin da bai ga wuta ba, ba ya hawa farantinta. Da na kawo maganar salak, kallona ta yi sama da ƙasa ta ce, "Bilki, ke da bokonki. Mutane sun zo cin shinkafa, za ki ba su ciyawa?" Ni kuwa na yi mata lacca a kan amfanin ganye ga jiki. Na yi shekara huɗu a jami'a, dole in nuna. Ta ce, "To ki yanka abinki can nesa da murhuna." Ko ganye ɗaya ba ta taɓa ba.

Mazan da ke zaure da ƙofar gida an kai musu shinkafa da miya da nama, babu salak, domin mazan garinmu sun daɗe da yanke hukuncin cewa ɗanyen ganye abincin awaki ne. Ko ɗaya daga cikinsu bai yi ciwo ba. Wato duk wanda ya ci girkin Goggo zalla ya tashi lafiya lau. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da ke wanke ta.

A garinmu kuwa ita ce hujjar da aka kama ta da ita. Aka ce, wace irin cuta ce mai zaɓar mata ta bar maza, in ba aiko ta aka yi ba? Aka tuna cewa da safiyar sunan Goggo ta yi 'yar sa-in-sa da wata daga matan Rurum a kan rabon nama. Kafin mu tashi daga jinya magana ta gama gari: Talatu ta yi barbaɗe a kwanon mata.

Na so ka ga ranar da aka kira ta gaban mai unguwa. Tsohuwa mai furfura, ta yi alwala, ta zo ta durƙusa ta ce a miƙo mata Alƙur'ani ta dafa. Mai unguwa ya hana, ya ce ba a kai nan ba, a bar wa Allah. Ya yi ne don a zauna lafiya, amma a wurinmu idan aka ce a bar wa Allah a irin wannan magana, ba a wanke mutum ba, an dai daina faɗa a gabansa ne.

Na tashi na ce salak ne, kuma ni na kawo shi. Aka ce ina kare 'yar uwar ubana. Isiyaku ya ce shi ya noma shi. Aka ce shekara nawa ana cin salak ɗinsa, wa ya taɓa kwantawa? Tambaya ce mai kyau, kuma a lokacin ba mu da amsarta, domin amsar tana kulle a cikin makarantarku.

Tun daga ranar an yi suna huɗu da biki biyu a unguwarmu. Ba a kira Goggo ko sau ɗaya ba. Manyan tukwanenta suna kife a bayan ɗaki, kaji na hawa. Idan ta shiga gidan barka, sai ka ga an janye kwanon abinci a hankali an rufe. Ta daina zuwa. Da na je gaishe ta makon jiya, ta ce, "Ni ba yunwa nake tsoro ba, Bilki. Kada dai in mutu ana cewa ga wadda ta zuba wa mai jego magani."

Na huɗu: sanarwarku.

Mataimakinka bai yi ƙarya ba, kun sanar. Na gan ta da idona, kwatsam, ranar ziyarar ɗalibai, da na raka wata abokiyar aikina ganin 'yarta. Tana kan allon sanarwa da ke barandar ofis, cikin akwatin gilashi a kulle, tsakanin jadawalin jarrabawa da sunayen waɗanda suka ci gasar kacici-kacici. An buga ta da kwamfuta, da Turanci mai kyau, da hatimi da sa hannu. Ta ce za a yashe ramukan bayan gida ranar Laraba da Alhamis, ɗalibai kada su je bayan ɗakunan kwana, kuma ana sanar da ɗaukacin jama'a.

Ɗaukacin jama'a. Na tsaya a barandar na duba hagu da dama ko zan gan su.

Bari in gaya maka abin da Isiyaku zai yi kafin ya amfana da wannan takarda. Zai bar lambunsa ya hau tudu. Zai shawo kan maigadi ya buɗe masa ƙofar da ba a buɗe wa kowa sai mai ɗa a ciki. Zai wuce filin ƙwallo ya gano baranda. Sannan ya koma makaranta ya koyi Turanci, domin shi allo ya yi, ya sauke Alƙur'ani, yana rubuta ajami da kyau, amma ba a yi takardar don irinsa ba. Bayan duk wannan, zai yi hasashen abin da takardar ba ta faɗa ba, wato inda za a zuba abin da aka yaso. Ko kalmar ƙorama babu a ciki.

Kun kare ɗalibanku daga wari. Mun gode, 'ya'yan mutane ne. Amma takardar nan ta nuna mini abu ɗaya da ya fi komai ƙona mini rai: kun san abin yana da haɗari. Wanda bai sani ba ba ya buga hatimi. Kun sani, kuka rubuta, kuka kulle a gilashi, don ranar da wata irina za ta zo da ƙorafi a ce mata, ai mun sanar.

Na biyar: yadda ake sanarwa a inda muke.

Ba ma zaune cikin duhu, ranka ya daɗe. Muna da mai shela, Malam Barau, wanda idan ya tsaya a bakin masallaci ya ɗaga murya, har matan da ke cikin kulle suna ji. Akuya ta ɓata, ya faɗa. Masu rigakafi za su zo, ya faɗa. An ga mahaukacin kare a hanyar gona, ya faɗa. Masallatanmu suna da lasifika. Masu lambu suna da shugabansu, makiyaya suna da arɗonsu, kuma kowannensu yana da waya a aljihu.

Kuma kun san duk wannan. Duk farkon shekarar karatu motarku mai lasifika tana shigowa har ƙofar gidanmu, tana shela da Hausa tsantsa cewa an fara sayar da fom, a kawo yara, akwai tarbiyya da tsabta da ruwan famfo. Ranar kasuwar Kibiya ma tana can tana zagaye. Ashe idan kuna neman 'ya'yanmu kun san hanyar garinmu, kun kuma iya harshenmu. Ranar da za ku aiko mana da abin da ke cikin sokawe ne kaɗai Turanci ya kama ku.

Da an gaya wa Malam Barau ranar Talata, da jimla biyu sun isa: kada a taɓa ruwan ƙorama, kada a tsoma ganye, sai an sake shela. Da Isiyaku ya ɗebo ruwan rijiya ya yayyafa wa salak ɗinsa. Da ni ma na haƙura da laccata. Da Rabi ta shayar da ɗanta a ɗakin mahaifiyarta, da Goggo tana kan kujerarta a gindin murhu tana yi wa mutane tsawa.

Abin da nake nema.

Ɗaya, ku daina. Ƙazantar bayan gida ba ta da wurin zama a ƙoramar da mutane da dabbobi ke sha, rani ko damina. Motocin zuƙe masai suna nan, kuma makarantar da ta iya yi wa katanga fenti duk shekara za ta iya kiran guda.

Biyu, na san rami yana iya fashewa, bututu yana iya tsagewa, ruwan sama yana iya cika sokawe ya yi ambaliya ba da nufin kowa ba. Duk ranar da wani abu ya fita daga katangarku ya nufi kwari, da gangan ko bisa kuskure, a sanar da mu a ranar, tun kafin rana ta faɗi. A gaya wa mai unguwa da mai shela da limamai da shugaban masu lambu da arɗo, da baki, da Hausa. A faɗi abin da ya zubo da sunansa, ba a ce ana gyare-gyare ba. A kafa jan ƙyalle a kowane gurbi, kada a cire sai ma'aikatan lafiya sun duba sun ce ruwan ya koma daidai, sannan a sake shela. Wannan ba alfarma ba ce. Wanda zai sha ruwa yana da haƙƙin sanin abin da aka zuba a ciki, kuma ina kira ga duk wata makaranta ko asibiti ko masauki da ke zaune a saman ruwan wasu su ɗauki wannan a matsayin nasu su ma.

Uku, kuma wannan ne ya sa na ɗauki biro. Ka fito da motar nan mai lasifika. Ta bi hanyar da ta saba bi, ta tsaya a ƙofar mai unguwarmu, ta tsaya a bakin masallaci, ta ƙarasa har Rurum Tsohon Gari inda surukan Rabi suke. A faɗa da murya irin wadda ake tallan fom da ita cewa a ranakun Laraba da Alhamis da suka gabaci sunan, makarantarku ta zuba ruwan masai a kwarin da ke shiga ƙorama, kuma ba ta gaya wa kowa ba. Ba sai kun ce ku kuka kwantar da mu ba. Ku faɗi abin da kuka yi da ranar da kuka yi shi. Mutanenmu sun iya ƙirga kwanaki.

Ni na faɗa, ba a yarda ba, don ni 'yar gida ce. Na nuna hoton takardarku da na ɗauka a waya, aka ce wa ya san abin da aka rubuta. Daga bakinku kaɗai za a karɓa. Ban nemi a biya kowa komai ba. Na tambayi Goggo ko tana son a nema mata wani abu, ta ce, "Me zan yi da shi? Su dai faɗa, mutane su ji."

Nan da mako uku za a aurar da 'yar maƙwabcinmu. Goggo ce ta dafa abincin bikin uwar yarinyar, ita ta dafa na sunan yarinyar. Uwar ta same ni a ɓoye ta ce ita tana so a kira Goggo, amma dangin ango sun ji labari. Ba a tsayar da mai girki ba tukuna. Kana da mako uku, ranka ya daɗe, da mota, da lasifika, da direban da ya san hanya.

Ina roƙon Allah Ya ƙara maka lafiya da arziki, Ya albarkaci yaran da aka ba ka amana, Ya tsare su daga shan abin da ba su sani ba. Allah Ya sa duk ruwan da zai shiga gidanka ya biyo ta hannun masu tsoronSa. Allah Ya ba ka ikon faɗar gaskiya tun tsohuwar nan tana da ran da za ta ji.

Jiya na sa an tayar da tukwanenta an wanke, da ruwan rijiya. Ta ce ɓata lokaci nake yi. Na ce mata Alhaji mutum ne mai son sanarwa.

Wassalam.

Bilkisu,
'yar ɗan'uwan Goggo Talatu,
daga ƙasan tudu.